Bi Kazija da Baitin da Ya Mayar da Ƙanena Gida

Duk wanda ya saba bi ta layinmu a garin Wete, nan tsibirin Pemba, bayan sallar asuba ya san ƙarar nan da ke fitowa daga gida mai koren ƙyaure, ƙurr, ƙurr, ƙurr. Bi Kazija Shaame ce zaune a kan kujerar kankare kwakwa, ta miƙe ƙafa ɗaya saboda gwiwar da ke damunta, tana kankara tana motsa baki. Baƙo sai ya ɗauka lazimi take yi, wani lokacin ma lazimin ne. Amma in ka leƙa ka ga ta tsaya cak da ɓarin kwakwa a hannu, ta ƙura wa bango ido, to ka haɗiye gaisuwarka ka wuce. Baitin waƙa ne ya zo mata, kuma in ka kore shi da "ina kwana" za ka sha harara har azahar.

Kafin rana ta yi zafi ta tace madarar kwakwar, ta kwaɓa fulawa, ta cika tire da mandazi, irin fanken nan namu. Da wannan sana'a ta raini 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Mata kan zo sayen guda biyu su yi zaman wanda ya zo sayen buhu. Wannan mijinta ya daina kallonta, waccan ita ce ta daina kallon nata, wata kuma ba ta iya faɗa sai kuka. Bi Kazija tana juya mandazi a cikin mai, ba ta cewa komai sai, "Allah sarki. Ungo wannan, ci da zafinsa." Sai a yi watanni, matar nan tana zaune a wurin tarab, kiɗan da muke yi a bukukuwa, ta ji ciwonta ya fito daga bakin mawaƙiya. Babu sunanta, babu alamar gidansu, amma nata ne sak.

Ni Mboja, tun ina amarya nake tsayawa a bayanta a sahun 'yan amshi, yanzu ga ni da jikoki. Ita ce ke riƙe da rika, ɗan bandirin nan mai ƙarafa a gefe, kuma da shi take juya mu duka, har da masu goge da mai akodiyan. In ta kaɗa shi a hankali, a maimaita baiti. In ta buge shi da tafin hannu, a wuce gaba. Mafi yawan waƙoƙin ƙungiyarmu daga kanta suka fito, amma ku fita kasuwa ku tambaya, za a ce muku waƙoƙin Saumu ne, don Saumu ce ke tsayawa a gaba da rigar ƙyalli tana rerawa. Lokacin da muka yi kaset, hoton Saumu aka sa a bango. Bi Kazija kuwa gwiwar hannunta ce kawai ta fito a gefen hoton. Na yi ta masifa a kan haka, ita ko ta duba ta ce ai gwiwar ta yi kyau.

Yanzu hannun ya fara rawa, rika na suɓuce mata, ta ce ta ajiye. Shi ya sa na ce ba za ta koma cikin gida shiru kamar yadda ta yi aikin shiru ba. Ba ni da bakin waƙa irin nata, amma ina da bakin magana, wannan kowa a Wete zai shaide ni.

Waƙoƙinta kusan duk a kan abu ɗaya suke, abin da ba a faɗa a gaban surukai. Mutum yana da aure, zuciyarsa kuma ta leƙa wani gida. Ba ta taɓa yi wa abin kwaskwarima ba. Takan faɗi daɗinsa da zafinsa har ka ji tsigar jikinka ta tashi, ka sunkuyar da kai kada ta kusa da kai ta ga fuskarka. Sannan a baitin ƙarshe sai ta juyo da kai, ta tambaye ka wanda ka baro a gida. Saboda haka ta sha suka ta gaba da ta baya. Wani dattijon unguwarmu ya taɓa tsayawa a kan tirenta ya ce, "Kazija, kina hura wa mutane wuta a zuciya." Ta ce, "Mzee, ni ban kunna wa kowa ba, da abarsu suke zuwa. Nawa za a sa maka?" Har yau bai yarda da ita ba, har yau kuma a wurinta yake sayen mandazi.

'Yan ƙungiya kuwa baitin ƙarshen ne ba sa so, don nan ne masu liƙi ke komawa kujerunsu. Ranar da za a ɗauki kaset ɗin nan shugabanmu na lokacin ya ce a yanke shi daga kowace waƙa, wai kaset ba zai ɗauka ba. Bi Kazija ta ajiye rika a kan benci, ta gyara mayafinta. Ta ce, "To ku nemo mai yin rabin waƙa. Ni ba na kai mutum bakin rijiya in juya in bar shi." Sai da aka bi ta har bakin titi ana ba ta haƙuri, aka rage waƙa biyu daga kaset ɗin, sauran suka fito cikakku.

Kada kuma wani ya ɗauka ita kowane aure cewa take a riƙe. Ina wurin wata safiya wata yarinya ta zo da kumburarren ido, tana cewa za ta yi haƙuri kamar yadda waƙar ta ce. Bi Kazija ta sauke kaskon daga wuta. Ta ce, "Ke ba da ke nake ba. Tashi mu je." Da kanta ta raka ta gidan ubanta, mandazin ranar ya lalace.

Ke ce haka, Bi Kazija. Ke ce kika ji asirin rabin garin nan, ba a taɓa jin ko ɗaya ya fito daga bakinki da suna ba. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, abu ne da ya faru a gidanmu, kuma na nemi izinin masu shi. Ƙanena ya ce in rubuta, sai dai kada in ce yana ɗingishi. To yana ɗingishi, kuma labarin ba ya tafiya sai da shi.

Kombo ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin kanumfari. Matarsa Miza 'yar garin Konde ce, mace mai shiru, 'ya'yansu huɗu. Tun yana saurayi akwai wata da ya nema, zan kira ta Raya, ba sunanta ba ne, kuma ba ta da laifin komai a wannan labari. Ya tsaya jan ƙafa, wani ɗan kasuwa ya aure ta suka tafi tsibirin Unguja. Shekaru suka wuce, kowa ya manta. Kwatsam sai ga su sun dawo Wete, mijin ya buɗe shago kusa da kasuwa. Nan fa ƙanena ya sauya. Mutumin da sai an yi faɗa da shi yake canza riga ya koma fesa turare zai je gona. Hanyar gonarsa gabas take, shi kuma ya gano cewa ta kasuwa ta fi sauƙi. Bai taɓa ce wa matar nan komai ba sai gaisuwa, wannan na rantse a kai. Amma ya rame, abinci sai ya tsakura, kuma duk inda ya zauna yana rera waƙar nan ta Bi Kazija ƙasa-ƙasa, "Ƙofar da Ba Tawa Ba".

Miza ba makauniya ba ce. Wata rana muna tsinke kanumfari daga sanduna a kan tabarma, ba ta ɗago kai ba ta ce mini, da sunan da muke kiran yaya mace, "Dada, ina ganin komai. Muddin abin yana cikin cikinsa, zan iya zama, ciwo ne, Allah zai yaye masa. Amma ran da ya fito da shi a gaban mutane, zan kwashi 'ya'yana in koma Konde. Ba zan yi faɗa da kowa ba." Na san Miza. Ba ta faɗin magana sau biyu, kuma in ta tafi babu dattijon da zai dawo da ita.

Bayan an gama tsinkar kanumfari sai bukukuwa suka tashi. Za a aurar da 'yar wata 'yar'uwarmu, mu aka ɗauka mu yi tarab bayan la'asar, kuma dangin amarya sun roƙi waƙar nan musamman. Ana gobe biki Kombo ya shigo gidana, ya zauna a bakin ƙofa yana wasa da hularsa.

"Dada, za ku yi waƙar nan gobe?"

"Wacce?"

"Kin sani."

"In mun yi fa?"

"Zan tashi."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Kun dai san yadda liƙi yake a wurinmu. Ba a tashi haka kawai. Baitin da ya faɗi abin da ke ranka, a kansa kake tashi, ka ɗaga takardar kuɗinka sama, ka taho a hankali kana rangaji kowa na kallonka. In akwai wadda kake nufi, sai ka kewaya kuɗin a saman kanta kafin ka miƙa wa mawaƙiya. Kafin ka koma kujerarka gari ya gama karanta ka.

Na ce, "Kombo, ka haukace ne? Kai da tunda aka haife ka ba ka taɓa tashi a wurin tarab ba?"

"Ba zan taɓa ta ba, Dada. Ba zan ce mata uffan ba. Ina so kawai ta sani."

"Ta sani! Mijinta ma ya sani, Miza ta sani, har kajin Wete su sani! Da furfura a gemunka?"

Ya ce, "Ba na barci, Dada. In ban fitar da shi ba zai kashe ni."

Babu irin zagin da ban yi masa ba. Na tuna masa da kabarin uwarmu, na tuna masa da 'yarsa da ta kusa isa aure. Ya saurara har na gaji, ya sa hularsa ya fita. A bayansa kuma tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin ƙanena a wulaƙance haka ba.

Gari na wayewa na faɗa gidan Bi Kazija ko sallama ban yi da kyau ba. Tana kan kujerar kwakwa. Na zayyana mata komai, na ce a cire waƙar daga jerin na yau.

Ta ce, "Ba za a cire ba."

"Haba, Bi Kazija! Gida biyu fa za su rushe!"

"In na cire ta yau, zai jira wani bikin. Wata ƙungiyar za ta rera masa, su kuwa ba ruwansu, sai ma su maimaita masa baitin har ya iso."

"To ki kira shi ki yi masa faɗa. Yana jin nauyinki."

"Ke da kika yi masa, ya ji?"

Ta ci gaba da kankara, can ta ce, "Ba ni labarin Miza."

Na ce mace ce mai haƙuri, mai tsabta, ga iya girki. Ta galla mini harara. "Wannan ai kowace mace ana faɗa mata shi ranar da ta mutu. Faɗa mini abin da idonki ya gani."

Sai na tuna shekarar da Kombo ya faɗo. Yana can ƙololuwar bishiyar kanumfari reshe ya karye da shi, ƙugunsa ya goce. Miza ce ta fara isa, ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta har aka samo mota. Kanumfarin kuma ya nuna, ba ya jiran mai jinya, babu halin ɗaukar 'yan ƙwadago. Miza da ko kan kujera ba ta iya hawa ta sauko da tukunya, ita ce ta ɗaure zane ta hau bishiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, maza na wucewa suna mata dariya. Ni ce nake riƙe mata tsani, ina jin yadda yake rawa saboda rawar ƙafarta. Ta sauko ta yi amai, ta kurkure baki, ta sake hawa. Da yamma kuma ta je ta juya shi a kan gado ta wanke shi.

Ina cikin faɗa na ga hannun Bi Kazija ya tsaya. Ta ce, "Je ki gida, Mboja. Ki zo da wuri." Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na fita ina ƙunƙuni, ina cewa a raina tsohuwar nan waƙarta ta fi mata auren mutane.

Da azahar, muna shirya kaya, ta ja Saumu cikin ɗaki ta rufe ƙofa. Da suka fito Saumu ta cika ta yi fam. "Sabon baiti ranar biki? In na manta a tsakiya fa, wa zai ji kunya?" Bi Kazija ta ce, "Ina bayanki, zan sa miki a kunne. Ke dai ki buɗe baki."

An kafa rumfa a filin unguwa. Mata a gaba, danginmu duk mun yi anko, maza a can baya bisa bencuna. Ana ta zagayawa da alewa da gahawa. Daga inda nake tsaye ina ganin kowa. Raya tana sahun farko daf da mu, don ƙawar uwar amarya ce, tana ta dariyarta ba ta san komai ba. Mijinta yana baya cikin maza. Miza tana ɗaya gefen tare da gwaggonninmu, ta ɗora hannuwa a cinya. Kombo kuma yana can ƙarshe, sanye da farar riga sabuwa, yana kallon ƙasa.

Muka yi waƙa uku ko huɗu, ban san me na rera ba. Sai masu goge suka ɗauko "Ƙofar da Ba Tawa Ba", filin ya ɗauki guɗa. Saumu ta bi baitocin farko, ta iso wanda nake tsoro:

Na san kina da mai gida, ni ma ina da tawa,
Amma in kin gifta ta layi sai in manta hanyar komawa.
An ce mini haramun ne, na sani, ba na musawa,
Zuciya ce ta ƙi ji, na gaji da lallaɓawa.

Zawarawa da tsofaffi suka mimmiƙe, kamar kullum, su nasu wasa ne, babu mai sa musu ido. Liƙi ya fara zuba, Saumu ta buɗe murya, Bi Kazija ta kaɗa rika a maimaita. Sai na ga farar riga ta miƙe a can baya. Innalillahi! Ya ɗaga hannu da jar takardar kuɗi, ya shigo hanyar da ke tsakiyar kujeru, yana tahowa da ɗingishinsa. Kawuna suka fara juyawa. Na ji wata a gaba tana cewa, "Ke, wancan ba Kombo ba ne?" Na dubi Miza. Ba ta motsa ba, idonta na kansa.

Ya kai wajen rabin hanya sai na ji tas! Bi Kazija ta bugi rika da tafin hannu. A wuce gaba. Tsohon da ke jan goge ya waigo yana zare ido, don ba a taɓa yanke baiti ana tsakiyar liƙi ba, ga mata a tsaye da kuɗi a hannu. Ta sake bugawa, da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ɗaga masa haɓa. Ba baiti na gaba take nufi ba, na ƙarshe. Kiɗan ya yi tangal-tangal ya daidaita. Ta matso bayan Saumu, bakinta daf da kunnenta, Saumu ta rera:

Ran da na faɗo daga reshe, wa ta ɗora kaina a cinya?
Wa ta hau inda na faɗo, da tsoronta, ta ajiye kunya?
Waccan ta san ni da ado, wannan ta san ni a jinya,
Bari in koma gidana tun ƙafata na gane hanya.

Babu wanda ya taɓa jin wannan baiti. Sannan wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wuri ya kaure. Ku faɗa mini, a Pemba wane gida ne ba shi da wanda ya taɓa faɗowa daga bishiyar kanumfari? Bencunan baya suka fara motsi. Maza suka mimmiƙe, wannan da sanda, wancan da karkataccen kafaɗa, dattawan da ban taɓa ganin haƙoransu ba suna laluben aljihu. Kafin ka ce me, hanyar nan ta cika, Kombo ya zama ɗaya daga cikin taron. Wanda ya ga tashinsa ma ya fara shakkar ko a kan wane baiti ya tashi.

Amma ni na san ba a gama ba. Taron ya turo shi gaba har ya zo daidai sahun farko. Ga Raya a damansa, in ya miƙa hannu ya kai saman kanta. Ya tsaya. Hannunsa na sama da takardar. Mutane suna ratsa shi suna wucewa, shi yana tsaye. Bi Kazija ta kaɗa rika a maimaita, ta sake kaɗawa a maimaita. Ba ta dube shi ba ko sau ɗaya, ƙasa take kallo.

Na ga leɓensa yana bin baitin. Na ga ya kai ɗaya hannun ya dafa ƙugunsa, wurin da ya goce. Sannan ya juya hagu. Ya bi ta gaban masu goge, ya tsallake tabarmar yara, ya ratsa cikin gwaggonninmu suna janye ƙafafu, ya tsaya a kan Miza. Ya kewaya kuɗin nan a saman kanta, hawaye na bin gemunsa.

Wayyo, ku zo ku ga gwaggonni! "Yau gurgu ya tuna da wadda ta ɗauke shi!" "Miza, me kika ba shi ya ci? Ki sammana!" "A sake ɗaura musu aure, ga alewa ta rage!" Miza ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya dawo ya miƙa wa Saumu kuɗin, ya koma mazauninsa bai kalli inda Raya take ba. Ni kuma na dafa kafaɗar ta kusa da ni na fashe da kuka, irin kukan da mutum ke yi in an sauke masa kaya daga ka. Sai na ji gwiwar hannu a haƙarƙarina. Bi Kazija ce. "Amshi, Mboja. Ba kuka aka ɗauko ki yi ba."

Da aka tashi, muna naɗe tabarmi, na kama hannunta na ce, "Kin cece shi." Ta ce, "Ni baiti na canza. Ƙafarsa ce ta kai shi." Na ce to da ya juya dama fa? Ta ce, "Da na kaɗa har ƙarshen waƙar, in koma gida in yi kukana." Saumu kuwa ta yi kwanaki ba ta yi mata magana, wai an yanke mata liƙi, sai da ta ga baitin ya zama shi ake roƙo a kowane biki ta huce.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ƙanena ya warke a ranar ba. Ya yi makonni shiru-shiru. Amma ya koma bin hanyar gabas, a hankali ya koma cin abinci, har tumbinsa ya dawo. Ko abin ya fita daga ransa gaba ɗaya, ban tambaye shi ba, ba kuma zan tambaya ba. Su Raya sun daɗe da komawa wani gari da kasuwancinsu, ta tafi da mutuncinta cikakke, ba ta san ma an yi ba. Duk shekarun nan ina ɗauka Miza ma ba ta gane ba.

Makon jiya muka yi wa Bi Kazija walimar ajiye rika a gidanta. Miza ce ta dafa shinkafar pilau, ta hana kowa taɓa tukunyar. Bayan an watse muna wanke-wanke ni da ita a bayan gida, na tsokane ta. Na ce, "Ke dai kin more, miji ya yi miki liƙi a gaban gari duka." Ta ci gaba da cuɗa tukunya. Can ta ce, "Dada, kin ɗauka ban gani ba? Na ga baitin da ya tashe shi."

Na saki soson da ke hannuna.

Ta ce, "Tun da safen ranar na ɗaure kayana da na yara, na tura ƙarƙashin gado. Na ga inda ya tsaya, na ga tsawon tsayuwar da ya yi. Babu wanda ya ja shi, Dada. Da ƙafarsa ya zo. Da na koma gida sai na kwance kayan, na mayar da su inda suke. Bai taɓa sani ba." Ta ɗauraye tukunyar ta kife ta, ta ce in miƙo mata ta gaba.

To yanzu zai sani, Miza, ke kika ce in rubuta.

Bi Kazija, uwar amshi, ke ce ba ki ƙaryata zuciyar mutum ba, ba ki kuma bar ta ta ja shi ta halaka ba. Ke ce kika ga mutum zai tozarta kansa, kika tara masa jama'a ya ɓuya a cikinsu har hankalinsa ya dawo. Na gode. 'Ya'yan Kombo sun gode, ko da yake sai yau za su san dalili. Allah ya sauƙaƙa miki gwiwar nan, ya ba hannunki lafiya, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa na mutane.

Ku kuma masu tasowa, masu yin waƙa da masu rerawa, ban ce ku daina waƙar so ba, ko wanda bai halatta ba, don yana nan a cikin mutane ko kun rera ko ba ku rera ba. Amma ku je gidan tsohuwar nan tun tana iya magana, ku sayi mandazi ku zauna. Ku koyi duban fuskokin da ke gabanku kuna rerawa. In kun ga wani ya taso zai rushe gidansa a kan baitinku, ku haƙura da liƙin, ku buɗe masa hanyar da zai koma ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Mu an yi mana haka. Yau ƙanena yana gidansa, Miza tana ciki.